Ko Laifi Ne Mu Duba Kafin Mu Yarda?

Bari mu fara da wani abu wanda yawancinmu mun taɓa gani, ko kuwa mun ji daga bakin wanda abin ya sama. Kaka ta yi, an kai masara kasuwar Dandume ko ta Bakori. Ga wani ƙaramin ɗan kasuwa, abin da ke gabansa bai wuce buhu ashirin ba, ya tara su da ƙyar daga hannun manoman ƙauye. Sai ga baƙo ya iso da babbar riga da magana mai daɗi. Aka yi ciniki, aka sallama. Baƙon ya zaro wayarsa ya daddanna, ya juyo da ita ya ce, "Maigida, duba, kuɗi sun tafi." Ga rasit a fuskar waya, da sunan mai masara, da yawan kuɗin daidai. Jim kaɗan wayar mai masara ita ma ta yi ƙara, saƙo ya shigo. 'Yan dako kuwa sun riga sun fara jidar buhuna zuwa mota.

A nan ne zuciyar mai masara ta kan rabu biyu. Ɗaya tana ce masa, buɗe asusunka tukuna ka gani da idonka. Ɗayar kuwa tana cewa, haba, dattijo da furfurarsa, a gaban jama'a, za ka nuna masa ba ka yarda da shi ba? Sau da yawa ta biyun ce ta kan rinjaya. Mota ta tashi. Da la'asar ya je wurin mai POS domin ya ciri kuɗi ya biya manoman da suka ba shi kaya, sai a ce masa ko kwabo bai shiga ba.

To, ga tambayarmu: da a ce ya tsaya ya duba, ya yi wa baƙon nan laifi ke nan? Kada mu yi saurin amsawa, gama tun muna yara aka hore mu da kunya, mun kuwa san kunya abin kirki ce.

Mu tuna yadda muka iso nan. Tun da jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa injin gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi, ƙasar nan ba ta rasa baƙin masu saye ba. Shirin aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa noman masara da takin zamani, kasuwannin hatsi suka ƙara cika. A dukan shekarun nan kuɗi a hannu a ke ciniki. Amma da hanyoyi suka ɓaci saboda 'yan bindiga, wanda ya ɗauki kuɗin mota guda ta masara a jaka, ransa ya ɗauka a jakar. Sa'an nan a ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 kuwa tsabar kuɗi ta yi wuyar gani. Mai kayan miya da mai shayi da mai awo a ƙofar gida, waɗanda ba su taɓa shiga banki ba, tilas suka buɗe asusu, ko na banki ko irin na OPay da Moniepoint. An koyi tura kuɗi ta waya cikin 'yan makonni, ba wanda ya zauna ya koya mana inda ramukan su ke. Ba ma kuwa fatan a koma baya, gama hanyar nan ta tsirar da rayuka da dukiya.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, saƙon da ya shigo waya labarin kuɗi ne kawai, labari kuwa kowa yana iya ba da shi. Akwai manhajar da ta ke zana rasit kamar na banki, ba a rarrabewa da ido. Akwai kuma hanyar aika saƙo da suna mai kama da na banki. Macucin ya ji sunanka da lambar asusunka daga bakinka, yana da lambar wayarka, me ya rage masa? Abu guda ne bai sani ba, watau yawan abin da ke cikin asusunka. Domin wannan, shaidar da ba ta ƙarya ita ce ka buɗe asusun da kanka, a wayarka, ka ga kuɗin sun ƙaru.

Masu cewa bincike zargi ne suna da hujja, kada mu raina ta. Kasuwarmu a kan amana ta ke tsaye. Manomi ya kan ba ɗan kasuwa buhu goma ya ce sai kasuwa mai zuwa. Mai shagon taki da maganin feshi ya kan ba da bashi da damina a biya shi da kaka. Mata su kan zuba adashi a hannun mace ɗaya, ba takarda, ba shaida. A kan ɗora wa direba kaya zuwa Dawanau a Kano, ko zuwa Legas, da magana ta baki kaɗai. In kowa ya shiga tuhumar kowa, ƙaramin ɗan kasuwa ne zai fara faɗuwa, gama babba yana da jari, shi kuwa ba shi da kome sai sunansa. Mutanenmu kuma sun ce zato zunubi. Wanda ya mai da dukan mutane ɓarayi a zuciyarsa, ko ba a cuce shi kwabo ba, ya yi hasara babba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a kan me amanar nan ta dogara? A kan sani. Manomin ya san gidan ɗan kasuwar, ya san ubansa, ya san inda zai same shi gobe. Baƙo kuwa a dā ba ya faɗowa kasuwa haka kawai. Yana da maimasauki, yana da dillali wanda ya tsaya masa, ya ci la'ada, in abu ya ɓaci shi a ke kamawa. Yanzu waya ta cire wannan tsani. Mutum yana iya saye da biya ya tafi, ba wanda ya san ko sunan da ya faɗa nasa ne.

Kada kuma mu manta iyayenmu, da dukan kunyarsu, ba su bar lissafi ba. A zamanin wuri, keso guda wuri 20,000 ne, a kan kuwa zauna a ƙirga shi a gaban mai biya. Da kuɗin Turawa suka zo, jabu ya biyo su, sai tsofaffi su kan buga sule a kan dutse su saurari ƙararsa. Mu kanmu mun saba ɗaga takardar naira a rana mu duba. Auduga ba a sayenta sai ta hau sikeli. Mace ta kan auna wa maƙwabciyarta gero da mudu, ta shafe bakinsa, ba wadda ta taɓa cewa an zarge ta. Me ya sa ba a jin haushi? Domin kowa a ke yi wa. Mudu bai san fuska ba. Wanda ya buga sule a kan dutse, sulen ya ke tambaya, ba ya yanke wa mai shi hukunci, gama mai gaskiya ma ana iya ba shi jabu ya kawo bai sani ba.

A ganinmu nan ne bakin zaren. Cin mutunci yana cikin zaɓe. In ka tsai da mai tsumma ka ce sai ka duba, ka bar mai babbar riga ya wuce, lalle ka yi wa matalauci laifi, ka kuma buɗe wa macuci ƙofa, gama macuci ya san rigar da zai sa. Amma in ka mai da shi ka'idar rumfarka, cewa kaya ba su fita sai an ga kuɗi a asusu, ko ga wanka, ko ga surukinka, ko ga dattijon ekklesiya, to ba ka zargi kowa ba. Faɗa tun kafin a sallama, da sakin fuska: "Alhaji, ka yi haƙuri, haka mu ke yi wa kowa." In kana da rubutu, rubuta a allo ka rataye. Mai gaskiya zai nemi benci ya zauna. Wanda ya fusata ya fara cewa, "Ka san ko ni wane ne?" ko ya shiga gaggauta 'yan dako, ya riga ya gaya maka abin da ka ke so ka sani. Hausawa sun ce kunyar marar kunya hasara ce.

Akwai wani abu kuma da mai masara ya manta sa'ad da ya ji kunya. Buhunan nan ba nasa ba ne shi kaɗai. A cikinsu akwai guminsa, akwai kuma na manoman da suka ba shi bashi, wata gwauruwa wataƙila, wadda kuɗin makarantar 'ya'yanta ke nan. In mutum ya ga dama ya yi kara da abin aljihunsa, wannan tsakaninsa da iyalinsa. Amma yin kara da kayan amana, domin kada fuskarka ta yi nauyi na minti biyar, ba mu san sunan da za mu ba shi ba in ba sakaci ba. Haka yaron shago. Maigidan da bai taɓa gaya wa yaronsa sarai cewa ya tsai da kowa ba, bai kamata ya zare kuɗin daga albashinsa ran da aka cuce shi ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba ya iya ce wa babba "dakata" sai in ya san akwai wanda ya tsaya a bayansa.

Ba kullum abin ke da sauƙi haka ba. Wani lokaci mai saye ya tura da gaske, an cire daga asusunsa, amma sabis ya tsaya, kuɗi sun maƙale a hanya. Mu a wannan yanki mun san wahalar sabis fiye da wasu. A Satumba 2021 har rufe layukan waya aka yi a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro, aka yi watanni. To ga mutum mai gaskiya, rana tana faɗuwa, direba yana ƙorafi, hanya kuwa ba ta biyuwa da dare. Kaka za mu yi da shi? Ba mu ce a sake masa kaya ba, amma ba mu ce a bar shi tsaye kamar ɓarawo ba. A koma ga dabarar iyaye: a nemo wanda ya san shi a kasuwar ya tsaya masa, ko sarkin kasuwa, ko shugaban 'yan hatsi. In babu, a ware buhunansa a rubuta a littafi a gaban shaidu, a ba shi wurin kwana da tuwo. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah a nan, gama zamba tana da kai biyu. Akwai wanda kuɗi su kan shigo masa da dare, da safe ya ce bai gani ba. Wanda ya ke so a yarda da ka'idarsa, tilas ya zama mai nuna asusunsa a fili ran da kuɗin suka faɗo, ya kira mai su da kansa.

Kunya ta biyu ita ce wadda mu ke ji a gaban mai magana da murya irin ta ofis. Waya ta yi ƙara, wani ya ce daga banki ne, ya kira ka da cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka yau in ba a gyara BVN ɗinka ba. Ita lambar BVN, mai alƙaluma 11, Babban Banki ya fito da ita a 2014 domin a san mai ko wane asusu. Sai ya ce ka karanto lambobin katinka, da lambar sirri, da wata lamba da za ta shigo yanzu. Wannan ta ƙarshe, wadda a ke kira OTP, ita ce mabuɗin ɗaki. Da ka faɗa, an kwashe. Bankuna sun sha sanarwa ba sa tambayar waɗannan ta waya. Amma talaka ya saba in ma'aikaci ya yi tambaya sai ya amsa, yana ganin rashin ladabi ne ya katse shi. Babu rashin ladabi a nan. Ka ce, "Na gode, zan zo banki da ƙafata," ka kashe.

A wannan wuri maganar ta juyo kanmu, mu da mu ke karatu. A ƙauyukan Kafur da Malumfashi da Danja, wa a ke miƙa wa waya a ce, "Malam, karanta mini, me suka ce?" Mu ne. Tsohuwa mai sayar da daddawa ta kan ba ɗan maƙwabci katinta da lambar sirrinta ya je ya ciro mata. Wanda ya san lambar sirrin wani, an ba shi amana irin ta mai riƙon mabuɗin rumbu. Abin da ya fi kyau, mu koya mata ta danna da hannunta, ko da za a ɗauki mako ana maimaitawa, mu kuma kau da ido sa'ad da ta ke dannawa. Mu tambayo mata lambar da bankinta ya tanada domin rufe asusu in waya ta ɓata, mu rubuta a takarda a ajiye a gida, gama wanda ya sace waya ba wayar ya ke so ba kamar layin da ke ciki. Masu POS kuma, yawancinsu 'ya'yanmu ne masu neman halaliyarsu. Na kirki a cikinsu shi ne wanda ya ke miƙa maka injin ya juya kansa.

Wata cuta kuwa da fuskar ɗan'uwa ta ke shigowa. A kira mutum a ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ya faɗi lamba mai alƙaluma 6 da aka aiko masa. Da ya faɗa, an ƙwace WhatsApp ɗinsa. Kafin dare dukan 'yan ƙungiyar 'yan kasuwa, ko zumuntar mata, sun sami saƙo da sunansa da hotonsa, wai yana asibiti, a taimaka a tura wani asusu. Maganinta ba wuya: kira shi ka ji muryarsa. In da gaske yana asibiti, ai gaisuwa ma ta kamata.

Wadda ta fi zafi ita ce wadda ɗan'uwan na gaske ne, shi ma an ruɗe shi. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta yi alkawarin ribar 30 bisa 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Ba a daɗe ba aka manta, har CBEX ta rushe a Afrilu 2025 da jarin mutane masu yawa. Irin waɗannan ba su da gona, ba su da shago. Kuɗin na baya a ke biyan na gaba da su, ran da sababbi suka ƙare sai a kulle. Ba baƙi ne suka kawo su gidajenmu ba, abokai ne da 'yan'uwa, waɗanda aka biya sau ɗaya ko biyu suka zo da murna. Wanda zai ja wani cikin abin da shi kansa ba zai iya faɗin inda ribar ke fitowa ba, ya tuna sunansa ne ya sa jingina. Haka kuma wanda aka ce ya ba da aron asusunsa a turo kuɗi a ba shi ɗan goro: ran da aka bi sawun kuɗin, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Saura kunya ta uku, ita ce kuwa mu ke ganin ta fi yin ɓarna. Mai masara ya gane an cuce shi. Me ya kan yi? Ya yi shiru. Ya sayar da akuya da babur ya biya manoma, ya ce wa matarsa kasuwa ce ta faɗi. Yana tsoro kada a ce wawa ne, kada kuma masu ba shi bashi su janye. Mako mai zuwa baƙon nan yana wata kasuwa da rigar nan da rasit ɗin nan, wanda zai cuta kuwa bai ji kome ba. Ashe shirun mutum ɗaya, wani ne ya ke biyan kuɗinsa.

Laifin ba na mai shirun ba ne shi kaɗai. Mu ne mu ke dariya. A majalisa, da an ji an damfari wane, sai a shiga ba'a, a ce ina wayonsa. Alhali kuwa an cuci malaman makaranta, an cuci ma'aikatan banki, an cuci masu digiri, gama macuci sana'arsa ke nan dare da rana, kai kuwa hankalinka yana kan buhu da awo da canji. In muna so mutane su yi magana, sai mu sa faɗar ta yi sauƙi. Shugaban 'yan kasuwa, ko mai sanarwa bayan sujada, yana iya cewa, "An yi wa ɗayanmu kaza da kaza a makon nan," ya bayyana dabarar dalla-dalla, ba sai ya kama suna ba. Masu ba da bashi kuma su lura, wanda ya fito ya faɗi hasararsa da bakinsa, ya nuna irin mutumin da ya kamata a ci gaba da ba shi kaya.

Shiru yana kuma cinye lokaci, lokaci kuwa shi ne kome a wannan al'amari. Kuɗin da aka sace ba su kwana a asusu ɗaya; a kan rarraba su a cire nan da nan. In an sanar da banki a cikin sa'ar, wani lokaci a kan iya tsai da asusun da suka shiga. In an bari sai bayan kwana uku, da wuya a tarar da wani abu. Ƙasa tana da doka a kan laifuffukan intanet tun 2015, an kuma gyara ta a 2024. Ana kai ƙara wurin 'yan sanda, ko hukumar EFCC, wadda ke da ofis a Kaduna da Kano. In banki ya yi jinkirin sauraron kuka, Babban Banki yana da sashen da ke karɓar ƙorafin masu asusu. Ba mu yi wa kowa alkawarin kuɗinsa za su dawo ba, sau da yawa ba su dawowa. Amma mai zuwa ya tafi da shaida a hannu: ranar, da sa'ar, da yawan kuɗin, da lambar da aka kira shi da ita, da lambar motar in wani ya lura. Saƙon ƙaryar nan kuma, kome baƙin cikin ganinsa, kada a goge shi.